Shekarar da Ganyen Shinkafa Ya Daina Yanka Hannu

Ku biyar ɗin nan kun taso da labari ɗaya game da ni da Kawunku Sanda: wai na faɗi gaskiya a rediyo, shi kuma ya kasa haɗiye ta, har ya yi shekara bakwai bai taka gidanmu na Gwandu ba. Ban taɓa gaya muku haka da bakina ba, amma duk lokacin da kuka faɗa a gabana nakan yi shiru, kuma na san abin da shiruna yake gina muku. Yanzu shi ya rasu, ni kuma idanuna sun fara gajiya da rubutu. Zan ba ku labarin yadda yake, kafin ku ba 'ya'yanku wanda ba shi ba.

Gidan da aka haife mu yana wani ƙauye kusa da Wurogauri, a ƙasar Kalgo, kuma abincinmu shinkafar fadama. Wani rafi ne yake ciyar da fadamar. Da damina yakan sauko ja wur, ya malale gonaki, ya bar laka, da rani kuma ya bushe har yara su yi ƙwallo a cikinsa. Duk wanda ya taɓa girbi a wurin ya san abu biyu: ganyen shinkafa yana da kaifi, yakan tsattsaga hannu da ƙwauri, kuma lauje ba ya kai azahar bai dakushe ba. Innarmu takan shafa mana man shanu a tsagar idan mun dawo. Ita kuma aikinta turara shinkafa. Da buntu take hura wutar, wato ɓawon da ake samu bayan an sussuke, tokar kuwa ba ta yarda a zubar. Takan tara ta a tsofaffin kwanduna, a kai gona a kan jaki kafin ruwa ya sauka. Ba wanda ya taɓa tambayarta dalili, ita ma ba na jin ta taɓa tambayar tata uwar.

Yaya Sanda shi ne ɗan fari, don haka Inna ba ta kiran sunansa, sai dai ta ce "wancan". Shi ya yi shekaru yana bin ofisoshi da takarda a aljihu har aka datse rafin da dam na ƙasa, can sama da ƙauyen. Manoma suka naɗa shi shugaban ƙungiyarsu, makullin ƙofar ruwan ma a hannunsa yake. Ba kowa ya ji daɗi ba, domin ruwan ya haɗiye gonakin wasu gidaje na unguwar tudu, kuma filin da aka ba su a madadi bai kai nasu ba. Amma dam ɗin ya kawo noman rani. Samarin da ke tafiya cirani suka zauna gida, aka shiga girbi sau biyu a shekara. Aka kuma daina sussuka a gida, sai a loda shinkafa a kai inji a Kalgo, buntun ya tsaya can. Karan kuwa makiyaya suke saye tun yana gona.

Ruwan da yake fitowa daga ƙofar dam ɗin garau yake, kana ganin ƙafarka a ciki. Mutane suka yi ta alfahari da shi. Bayan 'yan shekaru aka lura da wani abin kuma: ganyen shinkafa ya yi laushi, ana girbi a tashi ba tsaga ko ɗaya, lauje ya wuni bai nemi dutse ba. Wannan ma aka sa shi cikin albarkar dam. Ni kaina na faɗe shi a shirina na manoma, wanda nake zuwa Birnin Kebbi in ɗauka duk mako. Na tuna ranar da maƙerin ƙauyen ya tare Yaya a bakin masallaci.

"Sanda, ka kashe mini sana'a. Lauje guda shekara ukku, mi za ni ci?"

"Ka koma ƙera cokali," in ji Yaya. "Yanzu kowa na da abin ɗiba."

Inna ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Wata rana na je gaishe ta, na tarar da ita tana murza wani ganye tsakanin yatsunta.

"Kulu, shinkafar ga ba ta da ƙashi."

"Inna, shinkafa da ƙashi?"

"Ke dai kin shiga akwatin rediyo kin manta. Abin da ba ya yankan hannu, da mi zai tsaya? Ki gaya ma wancan."

Na gaya masa, ya ce tsufa ne.

A shekarar da nake ba ku labari, shinkafar rani ta yi kore shar, ta yi tsawo, ta fidda kai mai nauyi. Sai aka yi iska ta yini ɗaya, ba ma mai ƙarfi ba, ta kwanta kamar an shimfiɗa tabarma. Kan ya nutse a ruwa, wani ya ruɓe, wani ya tsira tun yana jikin kara. Da damina aka sake yin haka, ga tsutsa ta huda karan kamar ba komai. Manoma suka yanke cewa yunwa shinkafar take ji, suka ƙara mata takin zamani. Ta ƙara tsawo, ta ƙara laushi, ta ƙara kwanciya.

A lokacin muna maƙwabtaka a Gwandu da Malama Rifkatu, 'yar ƙasar Zuru, mai koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata. Ke Asma'u, ai ta koyar da ke, za ki tuna ta da jakarta ta saƙa da yadda take kawo mana cincin a Kirsimeti, mu kai mata nama da Sallah. Na ba ta labarin maganar Inna don mu yi dariya. Ba ta yi ba. Ta ce in kai ta ta ga ruwan.

Muka je wata Asabar da safe. Yaya ya karɓe ta da mutunci, ya kawo kwalaben lemo da ya wanke don a ɗebi ruwa. Ta ce a'a, na roba take so.

"Malama, kwalba ta fi tsabta."

"Abin da nake nema, da shi aka yi kwalbar, Alhaji. Idan na zuba a ciki ban san na wa nake aunawa ba, na ruwan ko na kwalbar."

Ta ɗebi ruwa a inda rafin yake shiga dam, ta ɗiba a inda yake fita, ta kuma sa aka caka gora a gindin dam ɗin aka ɗebo laka. Bayan mako biyu ta kira ni ɗakin gwajin makarantarsu. Wata ƙawarta a jami'a ta aiko mata da maganin gwajin. Ta ɗiga a ruwan biyu, muka zauna muna jira. Na sama ya rine shuɗi sosai. Na ƙasa ya yi shuɗi-shuɗi, kamar rigar da ta sha wanki. Sannan ta shafa lakar a ɗan gilashi, ta sa a ƙarƙashin na'urar da ke ƙara girman abu, ta ce in leƙa. Na ga wasu abubuwa birjik, wasu kamar faifai, wasu kamar kwale-kwale, duk da zane a jikinsu kamar an yi musu ado.

Ga abin da ta bayyana mini, kuma na riƙe shi daidai domin na saurare shi ya fi sau ashirin. Akwai wani sinadari da ake kira silika, shi ne jikin yashi da gilashi. Ruwan sama yana lasar duwatsu da ƙasa, ya narkar da kaɗan daga cikinsa, rafi ya ɗauka ya tafi da shi ba tare da ido ya gani ba. Shinkafa tana shan sa fiye da yawancin shuke-shuke, ta jera shi a kara da ganye da buntu. Shi ne kaifin, shi ne kuma abin da ke tsayar da ita. Amma idan ruwa ya tsaya wuri ɗaya ya kwanta, rana ta ratsa shi, sai waɗannan ƙananan halittu da na gani a na'urar su yaɗu. Su ma silika suke sha, da shi suke gina kwansonsu. Idan sun mutu su nutse da shi, laka ta binne su. Abin da ya shiga dam ba duka yake fita ba. Ta ce ba namu kaɗai ba ne, kowane tafki da kowane dam a duniya yana riƙe nasa rabon, har teku ma yana karɓar ƙasa da abin da koguna suka saba kai masa, alhali akwai halittun da ke jiran sa a can, kifi kuma yana jiran su.

Na ce sai mun ɗauki wannan a shiri. Ta yi ta nauyin baki, ta ce ita malamar aji ce, kuma baƙuwa. Na ce ni zan kula da komai. Da Yaya ya ji, ya hau mota ya zo Gwandu, ya ƙi zama a kan kujera, ya tsaya a zaure.

"Kulu, kin san abin da munka sha kahin a yi dam ɗin ga. Kin san waɗanda ke jiran in yi tuntuɓe."

"Yaya, mutane suna zuba taki suna ƙara kashe gonarsu. In bar su?"

"Ban ce ki bar su ba. Ki bari in tara su in gaya musu da bakina, sannu-sannu. Magana in ta hito daga akwati ba ta da mai maida ta."

"Kai za ka gaya wa ƙauye ɗaya. Ni jiha guda ke saurare na."

Ya dube ni, ya ce, "To, Malamar akwati." Ya tafi bai ci abincin da aka zuba masa ba.

Har nan, abin da kuka sani ne. Ga wanda ba ku sani ba.

Mun ɗauki hirar da Malama Rifkatu, ta yi kyau. Sai dai shirin kwata ɗaya ne na awa, a ciki akwai kiɗan buɗewa, da gaisuwar masu sauraro, da farashin kasuwanni. Da na auna, hirar ta zarce da kusan minti ɗaya. A zamanin zaren ɗaukar murya muke amfani da shi, mai naɗuwa a faifai, kuma gyaransa da reza ake yi: ka ja layi da farin fensir, ka yanke, ka haɗa bakin biyu da salatif. Na iya wannan aikin fiye da kowa a sashenmu, ana cewa ba a jin ɗinkina. Na nemi inda zan yanke, na same shi a ƙarshe. A nan ne muryarta ta canja, ta shiga inda-inda, tana maimaita kalma, tana neman Hausar abin da take nufi. Ga abin da ta ce, gwargwadon yadda na riƙe:

"Amma, Hajiya, ban ce dam ɗin ne kaɗai ba fa. Sau ɗaya na auna, sau ɗaya ba ya isa. Kuma, em, ƙasa ma tana ba da shi. Abin da na fi zargi, kara da buntu da ake kwashewa ba a mayarwa, sau biyu a shekara. Kada a taɓa dam ɗin. A mayar da toka, a mayar da kara, in ruwa ya ja a kwashi lakar nan a kai gona. A rage taki."

An koya mana cewa mai sauraro ba ya son shakka, kuma muryar da ke rawa ba ta fita a iska. Wannan shi ne dalilin da na ba kaina. Akwai na biyu. Idan aka cire wannan wurin, hirar tana ƙarewa a kan jimla mai ƙarfi, inda take cewa abin da ya shiga dam ba duka yake fita ba, sai kiɗa ya shigo. Na saurara, na ji daɗin yadda ya sauka. Gaisuwar masu sauraro ta kai minti biyu a ranar, kuma ko sunan mutum ɗaya ban taɓa ba. Zaren da na yanke ya kai tsawon igiyar guga. Na dunƙule shi na jefa a kwandon shara, na ce a raina zan yi maganar toka a mako mai zuwa.

Kafin mako mai zuwa maganar ta riga ni. Abin da ya isa ƙauye shi ne: rediyo ta ce dam ɗin Sanda ya tsotse ƙarfin ruwa. Mutanen unguwar tudu suka ce dama sun faɗa. Waɗanda suka yi asara sau biyu suka bi su, kuma ban ga laifinsu ba. Aka yi taro a gindin tsamiya, aka karɓi makullin daga hannun Yaya a gaban 'ya'yansa. Sababbin shugabannin suka buɗe ƙofar ruwan gaba ɗaya, wai a bar rafi ya gudu yadda Allah ya yi shi. Kafin tsakiyar rani dam ɗin ya zama fili. Ba a yi noman rani ba a shekarar, ba a yi a ta gaba ba, samari suka koma cirani. Cikinsu har da Bashiru, babban ɗan Kawunku, wanda ya zauna a kudu bai sake dawowa da zama ba.

Na yi shirin toka, har sau biyu. Na karanta shi da muryata, tsaf, ba inda-inda. Ban ce maganar Malama Rifkatu ce ba, ban ce na yanke ta ba. Ba wanda ya kula. Ita kuwa, aka shiga cewa wata baƙuwa ta zo da robobi ta raba kan ƙauye. Shugabar makarantarsu ta kira ta ta ce ta tsaya ga allo. Tun washegarin fitar hirar, Malama Rifkatu ta leƙo ta katanga ta ce, "Hajiya, ina ƙarshen?" Na ce lokaci ne ya ƙure. Ta ce, "To." Ba ta sake tayar da maganar ba. A ƙarshen zangon ta nemi a mayar da ita gida, aka mayar. A wurin aiki kuma aka yaba mini, aka ce shirin ya yi tasiri.

Inna ta rasu a shekara ta uku. A zaman makoki ni da Yaya muka gaisa kamar surukai. Da na haifi Auta na aika masa, ya aiko da rago, bai zo ba.

A shekara ta bakwai ya aiko a ce in zo, ba ƙarin bayani. Lokacin an sake rufe ƙofar dam ɗin an koma tara ruwa, makullin yana hannun wani. Na same shi a gona, ya tsufa fiye da shekarunsa. A gefen gonar ga tsibin baƙar laka busasshiya, ga kwandunan toka irin na Inna. Na ji daga baya cewa tun ranin da dam ɗin ya bushe yake shiga da amalanke yana kwasar lakar gindinsa, mutane suna cewa baƙin ciki ya taɓa shi. Yana kuma zuwa inji a Kalgo ya kwaso buntun da ake rasa yadda za a yi da shi. Gonakin da ke kewaye rabi a kwance suke. Tasa tana tsaye, ba ta kai su tsawo ba. Ban ce wannan ya tabbatar da komai ba, gona ɗaya ce. Amma maƙwabtansa uku sun riga sun fara bin amalankensa.

"Malamar akwati, kama ganyen ga. Ja."

Na kama na ja. Ya tsaga mini yatsa, jini ya fito siriri.

"Yaya, wa ya gaya maka ka yi haka? Shirin da na yi na toka?"

"Ban saurare shi ba. Na ba da rediyona tun ranar." Ya tsuguna yana gyara bakin kwando. "Malamar makarantar nan ce. Ranar da za ta tahi ta biyo ta nan da kayanta a mota. Tac ce akwai maganar da ta yi wadda ba ta hito ba, tana son in ji ta ko ni kaɗai ne."

Na tsaya riƙe da yatsana. Shekara bakwai ke nan ya san abin da na yi.

"Me ya sa ba ka faɗa a gindin tsamiya ba? Da ka faɗa, ai da sun mayar maka da makullin."

"Da sun mayar. Ke kuma da wace murya za ki koma akwatin? Ke kaɗai mu ke da ita a can." Ya miƙe ya karkaɗe hannunsa. "Na yi ta jira ki faɗa da kanki. Da na ga tsufa na shirin riga ki, nac ce bari in kira ki ki ga shinkafa."

Na ce masa zan faɗa a iska a makon. Ya ce wanda zai amfana ya riga ya ga gonar, sauran kuma sun manta, in bar shi. Na karɓi wannan da sauri fiye da yadda ya kamata. Na yi shekara goma sha ɗaya ina aiki bayan haka, ban faɗa ba. Malama Rifkatu na rubuta mata sau ɗaya, wasiƙar ta dawo, an ce ta bar makarantar.

Ke Asma'u, mijinki yana zuwa Zuru da aiki. Ki sa ya tambaya a coci-coci, malamar kimiyya ce, za a san ta ko a san 'ya'yanta. A kai musu waɗannan shafuka. Kwafi ɗaya kuma a aika wa Bashiru, domin har yau yana ganin ubansa ne ya jawo abin da ya fitar da shi daga gida.

Ranar nan a gona, da jinin ya ƙi tsayawa, Yaya ya laluba aljihunsa ya ciro ɗan gwangwanin man shanu, ya miƙo mini.

"Shafa," ya ce. "Yanzu kullum da shi nake yawo."